Robar hannun babur mai ɗumama tafin hannu: abin da na gani bayan hunturu biyu a hanyar Bichi

Duk wanda bai taɓa hawa babur ya bar cikin birnin Kano jim kaɗan bayan sallar asuba a watan Janairu ba, zai iya ɗaukar wannan magana wasa, domin garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba nan ne ake tsammanin jin mutum yana neman abin ɗumama hannu ba. Ina zaune a Gwammaja, ina kuma koyarwa a wata makarantar sakandare da ke kusa da Bichi, tafiyar kimanin kilomita 40 a kan titin Katsina. Daga gida zuwa Kurna da Rijiyar Lemo sanyin da sauƙi, saboda gine-gine suna tare iska, cunkoson Adaidaita Sahu kuma yana hana mutum gudu. Amma da zarar an wuce Dawanau fili ya buɗe, jaura ta fara kaɗawa, sai labari ya sha bamban. A irin waɗannan safiya ma'aunin zafi kan sauko zuwa digiri 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da haka, kuma ga wanda ke gudun kilomita 70 a awa, sanyin da yatsunsa ke ji ya fi abin da ma'auni ke nunawa nesa ba kusa ba. Rigar sanyi tana kare ƙirji, hular kwano tana kare kunne, amma hannu yana can gaba a miƙe, shi ne ke fara karɓar iska, ba shi kuma da damar ɓuya a aljihu.

Ba jin daɗi kaɗai ya sa na shiga neman magani ba. Yatsun da sanyi ya kangarar ba sa kama birki a kan lokaci, kuma na tabbatar da haka wata safiya da garken shanu ya ratsa titi cikin hazo, na kai hannu birkin gaba na ji kamar hannun wani ne ba nawa ba. Allah ya kiyaye, na tsaya, amma tun ranar na daina ɗaukar lamarin da wasa. Na gwada safar hannu iri biyu. Ta ulu iska na ratsa ta kamar rariya, mai kaurin kuma tana hana ni jin totur da kulocin yadda ya kamata. Na kuma yi abin da kowane mahayin babur ke yi, wato tsayawa a gefen hanya a ɗora hannu kusa da inji, ko a rungumi kofin mai shayi na ɗan lokaci, sai dai minti biyar bayan an tashi an koma gidan jiya. Sau da yawa darasin farko yakan same ni ina fama da riƙe alli.

Abin da na saya daga ƙarshe robar hannu ce guda biyu, irin wadda ake riƙewa a kan babur, amma an shimfiɗa siririyar waya a cikinta wadda ke ɗaukar zafi idan wutar batir ta ratsa ta, kamar yadda abin dafa ruwa na lantarki ke aiki. A ƙasashen sanyi tsohon abu ne: kamfanin Oxford na Ingila ya yi suna wajen ƙera shi, BMW kuma yana fito da wasu baburansa da shi tun daga masana'anta. A Kano kuwa ba kaya ne da za a tarar a rataye a kowane shago ba. Wani mai sayar da kayan babur a Sabon Gari ne ya sa aka kawo mini, kuma nawa ba na wani sanannen kamfani ba ne, irin na Sin ne da ke zuwa a kwali ba tare da suna mai ma'ana ba. A cikin kwalin akwai robobin biyu kowacce da wayarta, da ƙaramin makunni mai matakan zafi huɗu, da doguwar waya mai fis a jikinta, da ɗan gam, da takardar bayani wadda hotunanta suka fi rubutunta amfani. Abu na farko da mai saye zai tabbatar shi ne kaurin ƙarfen hannun baburinsa. Yawancin baburan da muke hawa a nan milimita 22 ne, yayin da wasu manyan babura na Amurka ke da inci ɗaya, wato milimita 25 da ɗoriya, kuma robar wannan ba ta shiga wancan. Haka nan robobin biyu ba ɗaya ba ne: ta dama ta fi faɗin baki, domin ba a kan ƙarfe take zama ba, a kan bututun roba na totur take hawa.

Kafin a taɓa sukundireba akwai lissafin da ya kamata a yi, wanda ni ban yi ba da farko. Robobin biyu idan an ƙure su suna jan wutar da ta kai amfiya 3 zuwa 4 a kan bolt 12, wato kusan wat 40 zuwa 50 ke nan, abin da ya ɗara ƙwan fitilar gaba mai wat 35 da ke kan yawancin ƙananan babura. Ga babban babur wannan ba komai ba ne. Ga babur mai inji 150 irin nawa, wanda batirinsa ƙarami ne kuma kwayil ɗin da ke caja shi an yi shi ne daidai buƙatar fitila da sigina da hon, wannan ƙarin kaya ne mai nauyi. Batir mai iya ba da amfiya 5 na tsawon awa ɗaya, idan aka bar robobin a kunne inji na kashe, ba zai kai awa biyu ba zai zama fanko, kuma tun kafin nan sitata ta daina juyawa.

Na san wannan ne ta hanyar da ba ta da daɗi. A karon farko gaggawa ta sa na ba wani bakanike na bakin titi ya ɗaura mini, shi kuma ya bi hoton takarda ya haɗa jar waya da baƙar waya kai tsaye a kan batir, aikin da bai ɗauke shi rabin awa ba. A rana ta uku na isa makaranta a makare, na zare makulli na shige aji, na manta makunnin yana kunne. Da aka tashi na danna sitata ko tari ba ta yi ba. Kik ne ya cece ni, domin wutar fulogin babur ɗina ba ta dogara da batir ba, amma bayan hakan ya sake faruwa karo na biyu batirin bai ƙara riƙe caji kamar da ba, dole na canza shi. Wasu masu tsada suna da dabarar kashe kansu idan suka ji inji ya tsaya, nawa kuwa ba shi da wannan, kuma takardarsa ba ta yi gargaɗi ko da layi ɗaya ba. Wannan shi ne babban aibin da na gani a kayan, kuma laifin rabi na masu ƙera shi ne, rabi nawa.

Daga nan ne wani abokin aikina ya kwatanta mini wani dattijon mai wayarin a wajen Ƙofar Ruwa, wanda aikinsa ya fi karkata ga motoci amma yana karɓar babur idan mai shi zai yi haƙuri. Shagon nasa ɗan ƙarami ne, benci ɗaya da tarin tsofaffin wayoyi da yara biyu masu koyon aiki. Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa robobin ba sai da ya ɗauko mita ya auna batir. Inji na kashe ya samu bolt 12 da rabi da 'yan kai, da aka tayar aka ɗan ja totur ya haura 14, sannan ya sa aka kunna fitila da robobin a matakin ƙarshe aka bar inji yana sululu, sai ga lambar tana gangarowa ƙasa da 13 a hankali. Ya nuna mini da yatsa ya ce, “Malam, ka ga abin da nake gudu. A kan hanya babur ɗinka zai ɗauki wannan kaya, amma a cikin gari ci yake yi daga batir. In ka yarda a yi aikin yadda ya dace, sai ka bar mini shi zuwa la'asar.” Na ce, “Baba, ai shi ya kawo ni, a yi yadda ka gani.”

Gyaran da ya yi a fannin wuta mai sauƙin fahimta ne. Ya sa rile, wato ɗan ƙaramin makunni mai aiki da kansa, tsakanin batir da robobin. Babbar wutar tana fitowa daga batir ta bi ta fis mai amfiya 5 da ya matso da shi kusa da kan batirin, ta shiga rile ɗin, sannan ta wuce zuwa makunni. Shi kuma rile ba ya buɗe hanya sai ya samu 'yar siginar wuta daga wayar da ke ɗaukar wuta kawai idan an murɗa makulli. Ma'ana, da zarar na zare makulli komai ya mutu, ko na manta ko ban manta ba. Na tambaye shi dalilin da ya hana a haɗa robobin kai tsaye a kan wayar makullin a huta da sayen rile, sai ya ce siraran wayoyin hon da na fitilar birki ba a yi su don ɗaukar amfiya 4 na tsawon awa guda ba, kuma wanda ya ɗora musu wannan kaya wata rana zai ji warin roba daga ƙarƙashin tanki. Duk mahaɗar da ya yi sai da ya narka mata dalma ya rufe ta, maimakon murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin tef kamar yadda aka yi mini da farko. Ya kuma ja hankalina a kan wata shawara da ake yawan bayarwa, ta cewa a canza ƙwan fitila zuwa mai cin wuta kaɗan domin a samu rarar caji: a baburan da fitilarsu ke shan wuta kai tsaye daga kwayil ba daga batir ba, wannan canji ba lalle ne ya ƙara wa batir komai ba, don haka sai an duba tsarin babur kafin a kashe kuɗi.

Inda ya fi ɓata lokaci shi ne a kan robar dama, kuma a nan ne na gane cewa aikin farko ya bar ni cikin haɗarin da ban sani ba. Bakaniken farko ya tura robar har ta manne da gidan makunnan hannu, ya kuma ɗaure wayarta tamau, shi ya sa totur ɗin ke ɗan jinkirin komawa idan na sake shi, ni kuwa na ɗauka sabunta ce. Dattijon ya cire ta da dabara ba tare da ya lanƙwasa ta ba, domin wayar da ke ciki tana iya tsinkewa idan aka murɗe roba da ƙarfi. Ya kankare tsohon gam, ya goge 'yan tudun da ke jikin bututun totur da magagari har robar ta riƙa shiga ba tare da duka ba, ya share wurin ya bar shi ya bushe. Sai da ya gwada zaman robar sau uku babu gam, yana duba inda wayar za ta fito don kada ta tokare hannun birki ko totur na rufe ko yana buɗe, ya yi alama, sannan ya shafa gam kaɗan nesa da bakin bututun ya tura ta a tashi ɗaya. Irin wannan gam ba ya jira, daƙiƙa kaɗan ne ya kama, kuma ɗigo ɗaya idan ya zurara tsakanin bututu da ƙarfe ya isa ya riƙe totur a buɗe. Ya bar 'yar tazara tsakanin roba da gidan makunnai, ya kuma bar wa wayar lanƙwasa mai yalwa yadda za ta bi juyin hannu ba tare da ta ja ba.

Gwajin da ya yi a ƙarshe ya kamata duk mai irin wannan aiki ya nema a yi masa a gabansa. Ya murɗa totur har ƙarshe ya sake, ya koma da ƙara ɗaya. Ya karya kan babur zuwa dama har ƙarshe ya maimaita, ya karya hagu ya sake maimaitawa, sannan ya tayar da inji ya juya kan ɓangarorin biyu yana sauraro ko ƙarar injin za ta tashi da kanta. Da ya gamsu sai ya ce in bar babur ɗin ya kwana ban kunna zafin ba, gam ɗin ya gama kamawa.

To, yaya aikinsa a kan hanya? A matakin ƙarshe ɗumi kan fara isowa tafin hannu cikin minti uku zuwa biyar, wato kafin in kai Kurna, kuma idan na fita gari sai in sauko mataki na biyu ko na uku, domin na ƙarshen yana yin zafin da hannu marar safa ba zai jure shi na dogon lokaci ba. Da siririyar safar fata ɗumin yana ratsowa daidai, da mai kauri kuwa rabinsa a banza yake tafiya. Tafin hannu da cikin yatsu suna samun abin da ake nema, har na kan isa makaranta in buɗe rajista in yi rubutu nan take. Sai dai kada wanda zai saya ya yi zaton hannunsa duka zai ɗumama. Bayan hannu da kan babban yatsa suna nan a cikin iska, haka ma yatsu biyun da nake ɗorawa a kan hannun birki, domin shi wannan ƙarfe ne mai sanyi da ba ruwansa da robar. Abin da ya cike wannan giɓi shi ne garkuwar roba da na ƙara a gaban hannayen biyu, irin ta baburan daji, wadda kuɗinta bai kai rabin na robobin ba. Da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin su biyun don tafiyar da ba ta wuce minti ashirin ba, garkuwar zan ɗauka. A tafiyar awa guda kuwa, haɗuwarsu ce ta yi mini maganin abin.

Akwai kuma wani bambanci da ya dame ni a makon farko har na yi zaton ɗaya ta lalace: hannun dama yana riga na hagu ɗumi, yana kuma fin sa zafi. Dalilin ba lalacewa ba ne. Robar hagu tana zaune ne a kan ƙarfe tsirara, ƙarfen kuma yana shanye zafin yana watsa shi cikin iska, alhali ta dama bututun totur ya raba ta da ƙarfe. Lokacin da robar hagun ta fara juyawa a hannuna cikin zafin watan Afrilu, saboda gam ɗin da ya zo a kwali bai jure ranar Kano ba, na mayar wa dattijon, shi kuma ya yi amfani da damar ya naɗa siririn tef mai jure zafi a kan ƙarfen kafin ya mayar da ita da wani gam mafi inganci. Bambancin bai ɓace gaba ɗaya ba, amma ya ragu ƙwarai, kuma bai karɓi ko kwabo a wannan karon ba.

A cikin gari na bi shawarar dattijon. Ba na kunna zafin sai inji ya tashi, ba na barinsa a matakin ƙarshe idan na shiga cunkoso, kuma idan na dawo da rana babu ma buƙatarsa. Da wannan tsari sabon batirin ya yi hunturu biyu bai ba ni matsala ba. Ƙurar hunturu ta shiga maɓallin makunnin sau ɗaya har ya riƙa ƙin dannuwa, sai da aka busa shi da iska. Damina ɗaya ta wuce a kansa ruwa bai shiga ba, ko da yake ina hana masu wankin babur harba masa ruwa kai tsaye. Robar kanta ta fi ta asali tauri da kauri, abin da na ji a wuyan hannu a makonnin farko kafin in saba, kuma zanen jikinta ya fara shafewa a inda tafin dama ke gogawa, wanda ke nuna cewa ba za ta kai tsawon ran robar asali ba. Ƙananan fitilun da ke nuna mataki ba a ganinsu sosai idan rana ta fito, amma tun da da duku-duku ake amfani da su wannan bai dame ni ba.

Game da kuɗi, idan na haɗa robobin da rile da ladan aiki da garkuwa, na kashe abin da zai saya mini sababbin tayoyi biyu har da canji, ban da batirin da gaggawata ta cinye. Wannan kuɗi ne mai yawa a kan abin da amfaninsa bai wuce daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu ba, sauran watanni goma kuwa roba ce kawai mai waya a jiki. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce daga Fagge zuwa Kantin Kwari ba, ba na ba shi shawarar saye, domin kafin robar ta yi ɗumi ya isa, batirinsa ne kawai zai sha wahala a cunkoso. Amma malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da malaman gona da ke kwana a birni suna sammako zuwa Bichi ko Gwarzo ko Wudil ko Ɗambatta, da masu ɗauko kayan lambu daga Kura da Kadawa kafin gari ya waye, waɗannan za su ga amfaninsa tun safiyar farko, muddin an auna cajin baburinsu kafin a saya, an sa rile, an kuma gwada komawar totur a gabansu. Kayan da na saya matsakaici ne, zan ba shi uku cikin biyar saboda rashin kashe kansa da raunin gam ɗinsa. Aikin dattijon Ƙofar Ruwa kuwa ban ga inda zan rage masa ba, in ban da cewa la'asar ɗin da ya ce ta zama bayan magariba.